Fure Dubu a Ƙwayar Dutse: Tafiyar Millefiori daga Tanderun Murano zuwa Kasuwanninmu

Duk wadda ta taɓa yanka ɗanyar kuɓewa ta san wani sirri da maƙeran gilashi suka yi shekaru dubbai suna cin abinci da shi. A ɗora wuƙa daga kai har wutsiya, kowane yanki ya faɗo da ɗan tauraronsa a tsakiya, 'ya'ya jere kewaye da shi. Tauraron a cikin jikin kuɓewar yake, ya ratsa ta daga sama har ƙasa, wuƙa tono shi kawai take yi.

A kan wannan dabara aka gina sana'ar da Italiyawa ke kira millefiori. A harshensu mille dubu ne, fiori kuma furanni, wato fure dubu. Maƙeri zai gina zane a cikin curin narkakken gilashi, ya ja shi ya zama dogon kara, ya yayyanka, sai ga zane guda ya haihu ɗaruruwa. Mai karatu zai iya cewa bai taɓa jin sunan ba, amma da wuya a ce bai taɓa ganin abin ba. Tsofaffin duwatsun wuya masu ƙananan furanni ja da rawaya da shuɗi, irin waɗanda ake tsinta a adudun kaka ko a shimfiɗar masu sayar da kayan tarihi, da yawansu daga wannan sana'a suka fito.

Yadda ake jan karan

Asalin gilashi yashi ne. Ana haɗa shi da sinadarin soda, ɗan'uwan kanwa, da farar ƙasa, a narka a tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 1,400. Launi kuwa daga ma'adinai yake zuwa: kobal na ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe na ba da kore ko shuɗin sararin sama, manganis na ba da shunayya, kuza na ba da fari wanda haske ba ya ratsawa, ɗan ƙanƙanin zinariya kuma na ba da ja mai kyau irin na yaƙutu. Kowane launi da tukunyarsa a cikin wuta.

Maigidan maƙera zai tsoma doguwar sandar ƙarfe a tukunya ɗaya ya ɗebo curi, a ce rawaya, mai kauri kamar zuma. Ya mirgina shi a kan faifan ƙarfe har ya daidaita, ya tsoma a tukunyar fari, farin ya lulluɓe rawayan. Daga nan sai ya danna curin cikin wani kaskon ƙarfe mai haƙora a ciki, ya fito da kunya-kunya a jikinsa kamar kuɓewa. Ya sake tsomawa a ja, jan ya cike kwaruruwan. Ya koma wani kaskon da ya fi na farko faɗi, ya sake tsomawa a shuɗi. Haka zai yi ta yi, hawa biyar ko shida ko bakwai, har curin ya kai kaurin taɓarya ko ya fi. Duk wannan lokaci sandar ba ta daina juyawa a hannunsa, domin da ya tsaya gilashin zai zube gefe guda, zanen ya karkace.

Sai kuma wurin da ɗan kallo ke riƙe baki. Yaron maƙera zai zo da tasa sandar ya manna a ɗaya ƙarshen curin, su juya wa juna baya, kowa ya kama tafiya. Gilashin na miƙewa a tsakaninsu yana sirancewa, mita ashirin, talatin, wani lokaci fiye da haka, har ya koma kaurin fensir. Abin mamakin shi ne zanen ba ya lalacewa. Tauraron da ke da faɗin tafin hannu ya ƙanƙance ya koma kamar ƙwayar wake, amma kowace kusurwa tana nan, kowane launi na mazauninsa. Saurin tafiyar mutanen biyu shi ke yanke kaurin karan: a yi gaggawa ya tsinke, a yi nawa ya sandare da kauri.

Idan ana son zane mai sarƙaƙiya, sai a yanka kara iri-iri, a ɗaure su dami guda, a mayar wuta su manne, a sake ja. Fure bakwai su koma cikin faɗin da ɗaya ya ci a da. Bayan ya huce a yayyanka shi ƙanana kamar kwabbai. Waɗannan yankuna su ake kira murrine, kuma su ne tubalin duk abin da za a gina: a jera su a kasko a gasa su zama kwano, ko a naɗe su a jikin curi mai zafi a hura ya zama tulu, ko a manna su a kan dutsen ado.

Akwai sharuɗɗa biyu da ba a ganin su a jikin kaya, amma su ne ran aikin. Na farko, dole launukan su zama masu jituwa, wato su riƙa buɗewa da tsukewa daidai da juna idan sun ji zafi ko sanyi. In ɗaya ya riga ɗaya tsukewa, kayan zai tsage ko da bayan kwanaki ne. Na biyu, ba a barin gilashi ya huce a iska. Ana sa shi a wani tanderun mai zafin wajen digiri 500, a riƙa rage wutar sannu a hankali na tsawon sa'o'i.

Sana'ar da ta girmi sunanta

Sunan millefiori na baya-bayan nan ne. A Ingilishi an fara ganinsa a littafin wani maƙerin gilashi na Landan, Apsley Pellatt, a 1849. Aikin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A ƙasar Iraƙi ta yau an tono ɓaraguzan kwanukan da aka haɗa da ƙananan yankunan gilashi masu launi tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Daga baya maƙeran Iskandariyya ta Masar da na daular Rum suka kai abin ƙololuwa, suna yin kwanukan da sai gidan mai hali ake ganinsu. Abin da ya rage musu kasuwa shi ne gano dabarar hura gilashi da bututu a yankin Sham, wajen shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai hurawa zai fitar da kofi goma kafin mai jera yankuna ya gama ɗaya, kuma kowa ya san inda mai saye ke karkata.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, ɓuya ta riƙa yi tana ɓullowa a wuraren da ba a zata ba. A Sutton Hoo da ke gabashin Ingila, a 1939, an tono kabarin wani basarake na farkon ƙarni na 7 da aka binne a cikin jirgin ruwa. Cikin kayansa akwai maɓallan kafaɗa na zinariya da murfin jakar kuɗi, an dasa musu jajayen duwatsu masu daraja tare da ƙananan yankunan millefiori masu zanen dara. Wannan shaida ce ta yadda maƙeran zinariya suka ari aikin maƙeran gilashi. A duniyar Musulunci kuma, lokacin da Jamusawa masu binciken kufai suka yi tono tsakanin 1911 da 1913 a Samarra, birnin da Halifa Mu'utasim na Abbasiyawa ya kafa a 836, sun samu gutsattsarin tayil na millefiori a fadar halifa. Ashe magina ma sun ɗanɗana.

Tsibirin da aka tsare wuta a cikinsa

A 1291 hukumar birnin Benis, wanda masu shi ke kira Venezia, ta umarci maƙeran gilashi su kwashe tanderunsu zuwa tsibirin Murano. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron gobara a gari mai yawan gine-ginen katako. Amma tara su wuri guda ya kuma sauƙaƙa sa musu ido. An ba su gata da daraja, har 'ya'yansu mata na auren 'ya'yan manyan gari, sai dai an haramta musu fita da sirrin sana'a zuwa wata ƙasa. Riga ce mai kyau, amma da igiya a wuyanta.

A nan ne, a ƙarshen ƙarni na 15, aka fito da dutsen da ake kira rosetta, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Marietta Barovier, 'yar shahararren maƙeri Angelo Barovier. Kara ne mai huji a tsakiya, hawa-hawa na shuɗi da fari da ja, da tauraro mai kusurwa 12 a cikinsa. A yanka shi, a goge bakunan biyu, sai haƙoran launukan su bayyana. Wannan dutse ya zaga duniya a jiragen fatake.

Faɗuwar jamhuriyar Benis a hannun Napoleon a 1797 ta durƙusar da Murano. An rushe ƙungiyoyin masu sana'a, tanderu da yawa suka mutu, dabaru suka bi tsofaffi kabari. Sai a shekarun 1830 da 1840 wasu suka tashi neman abin da ya ɓata. Giovanni Battista Franchini da ɗansa Giacomo sun kai ga sa fuskar mutum a cikin kara: su gina ido daban, hanci daban, gemu daban, su haɗa, su ja, har hoton jarumin Italiya Garibaldi ko na gadar Rialto ta Benis ya koma 'yan milimita kaɗan, kuma a gane shi. A shekarun 1870 Vincenzo Moretti ya yi ta gwaji har ya gano yadda Rumawa ke yin kwanukansu, aka nuna aikinsa a baje kolin Paris na 1878.

Kafin nan, a 1845, Pietro Bigaglia ya kai wani sabon abu baje kolin Biyana: dunƙulen gilashi garai-garai, an binne furannin millefiori a cikinsa, don danne takardu a kan tebur. Masana'antun Faransa uku, Baccarat da Saint-Louis da Clichy, suka cafe dabarar suka fi mai ita. Tudun dunƙulen yana aiki kamar tabarau, yana ƙara wa furannin girma, sai ka ga kamar lambu ne aka rufe a cikin ɗigon ruwa. Baccarat har shekarar ƙira takan ɓoye a wani ɗan kara, 1847 ko 1848, a tsakiyar furannin. Yayin bai wuce shekara 15 ba, amma abin da aka yi a lokacin ya zama dukiya: a 1990 an sayar da wani na Clichy mai siffar kwandon furanni a kan dala 258,500.

Zuwa da komawa ta hannun fatake

Babbar kasuwar duwatsun Benis ba a Turai take ba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya lissafa kayan Turai da ke shigowa kasuwa ta Sahara: yadi daga Manchester, takubba daga Solingen, takarda mai tambarin wata uku, da duwatsun ado daga Benis da Trieste. Ta bakin teku kuwa abin ya fi haka yawa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930 an yi ta jigilar duwatsun millefiori zuwa Afirka ta Yamma, galibi masu siffar gaɓar rake, wasu a miƙe wasu a ɗan lanƙwashe.

Yawancinsu ba a manyan maƙeru aka yi su ba. Masana'anta ke jan kara, mata kuma su karɓa su yi aikin a gida ko a ƙananan ɗakuna, a gaban fitila mai zuga-zugi. Mace za ta naɗa narkakken gilashi baƙi ko shuɗi a kan siririn ƙarfe kamar tsinken tsire, ta riƙa ɗaukar yankuna ɗaya bayan ɗaya tana mannawa, ta mayar wuta, ta danna har su haɗe. Wasu matan kuma aikinsu zura ƙananan duwatsu a zare, suna zaune a ƙofar gida da tire a cinya.

Wannan ciniki yana da tabo. A gidan tarihi na Birtaniya akwai katunan samfur na wani dillalin duwatsu na Landan, Moses Lewin Levin, an rarraba su bisa abin da ake musanyawa da su: na zinariya, na hauren giwa, na manja, da na bayi. Sai dai labarin da ake yawan bayarwa, wai an yaudari mutanen Afirka da tarkacen gilashi, bai cika ba. Yawan katunan samfurin kansa shaida ne cewa masu saye suna da zaɓi. Launin da ake rububi a wannan gari, a gari na gaba ba mai taya shi, kuma dillalin da ya kawo abin da ba a so haka zai koma da kayansa. Mutanen da ake kai wa duwatsun ma ba baƙin gilashi ba ne. Tonon da Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya tabbatar da cewa ana narka gilashi daga kayan gida ana yin duwatsu a can tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

Daga ƙarshen shekarun 1960 sai kogi ya juya. Samarin Amurka da Turai suka shiga yayin rataya tsofaffin duwatsu, masu tara kayan tarihi suka biyo baya. Fatake, cikinsu har da Hausawa da yawa, suka bi ƙauyuka suna saye, suna zurawa a igiyar rama ko ta kaba, suna kaiwa Abidjan da Accra da Legas, daga nan zuwa New York da Paris. Dutsen da aka ƙera a Benis, ya yi shekara 70 a wuyan wata mata a ƙasar Ashanti, ya sake tsallaka teku da sabon suna, wai dutsen cinikin Afirka, da farashin da ya ninka na farko sau da yawa. Har yau a kasuwar duwatsu ta Koforidua a Ghana, wadda ke ci ranar Alhamis, ana cinikinsu.

Masu sana'ar Afirka ta Yamma ba su tsaya kallo ba. Mutanen Krobo a Ghana suna daka kwalabe su zama gari, su zuba a ƙananan ramukan yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya don ya ƙone ya bar huji, su gasa, sannan su zana wa wasu ado irin na duwatsun Benis. Matan Kiffa a Muritaniya sun yi suna wajen ɗora garin gilashi mai launi da tsinin allura, layi bayan layi. A unguwar Masaga ta Bida, Nufawa maƙeran gilashi, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Masar suka zo, suna narka kwalabe su yi ƙarau da duwatsu, su naɗa musu zaren wani launi. Kowannensu ya bi tasa hanya zuwa ado, ko da yake ba jan kara mai fure a ciki suke yi ba.

Da dabarar ta bar wuta

Wanda ya fahimci millefiori zai ga cewa gilashi ba sharaɗi ba ne. Duk abin da za a iya jerawa, a matse, a ja ko a yanka, zai karɓi dabarar.

Inda ta fi samun sabon gida shi ne yumɓun roba. Wata Bajamushiya, Fifi Rehbinder, 'yar mai ƙera 'yartsana Käthe Kruse, ita ta fara sarrafa wannan abu tana sayarwa, kamfanin Eberhard Faber ya saye shi a 1964 ya fito da shi da sunan Fimo. A Amurka kuma aka samu Sculpey. Yumɓun yana da laushi kamar ƙullin fulawa, ba ya bushewa a iska, kuma a tanda ta girki ake gasa shi, a zafin digiri 110 zuwa 135. A shekarun 1980 masu yin kayan ado a Amurka suka lura cewa duk abin da maƙerin Murano ke yi da gumi a gaban wuta, za a iya yinsa da wannan a kan tebur, da hannu, a sanyi. Littafin Nan Roche na 1991 ya yaɗa abin. Mai aikin za ta murza launuka, ta jera su kamar yadda take son furen ya fito, ta naɗe, ta riƙa matsawa daga tsakiya zuwa baki har curin ya sirance, ta yanka da reza. Da yankunan ake lulluɓe 'yan kunne, maɓallai, biro, marikin cokali. Babban kayan aikinsu kuwa kowace Bahaushiya ta san shi: injin murza taliya. Da shi suke shimfiɗa yumɓun, da shi kuma Judith Skinner ta fito da hanyar sajewar launi biyu sannu a hankali a shekarun 1990.

A Eswatini, kamfanin Swazi Candles da aka kafa a 1982 ya mayar da dabarar kan kyandir. Ana yin karan da kaki mai tauri, a yanka shi falle-falle, a lulluɓe jikin kyandir mai siffar giwa ko ƙwallo. Idan an kunna, cikin ne ke narkewa, bangon ya tsaya, haske ya riƙa ratso zanen.

Masu alewa ma suna cikin dangi. Wanda ya ga mai alewa yana jan dafaffen sukari yana ninkewa har ya yi fari ya ga rabin aikin Murano. A garin Blackpool na bakin tekun Ingila ana yin sandar alewa da sunan garin a rubuce a cikinta, ko'ina ka karya za ka karanta. A Japan akwai Kintaro-ame, wadda kowane yanki ke ɗauke da fuskar wani yaro na tatsuniyarsu.

Sai masassaƙa. A Isfahan da Shiraz na Iran, masu aikin khatam suna fere siraran tsinkaye masu kusurwa uku na katako da tagulla da ƙashin raƙumi, su manne su dami, su yanka falle-falle, su lulluɓe akwati ko abin ɗora Alƙur'ani da taurari. A Tunbridge Wells ta Ingila an yi irin haka da katako zalla a ƙarni na 19. Waɗannan sana'o'i kowacce da nata tarihin, ba reshen Murano ba ne. Lissafin ne ɗaya: a sha wahalar zane sau ɗaya, a ci moriyarsa sau ɗari.

Abin da ya rage a tanderu

Murano na nan tana aiki, amma da ƙyar. Tanderun gilashi ba a kashe shi dare da rana, don haka tashin farashin gas a 2021 da 2022 ya sa maƙeru da dama suka dakatar da wuta. Shagunan 'yan yawon buɗe ido a Benis cike suke da kwaikwayo mai araha daga waje, abin da ya sa tun 1994 lardin Veneto ya kafa tambarin Vetro Artistico Murano don bambance na gida. A Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sa sana'ar duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, a 2021 kuma ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu. Karramawa ba ta sayen gas, ba ta kuma sa yaro ya zauna shekara goma a gaban wuta yana koyo. Wannan damuwa ɗaya ce a Murano da Masaga.

In Allah ya sa wani tsohon dutse mai furanni ya faɗo hannunka, kai shi wurin haske. Dubi inda furannin suka haɗu, za ka ga ɗan layin da ya raba yanki da yanki, wani furen ya ɗan miƙe inda aka danna shi da zafi. Dubi bakin hujin, inda igiya ta yi shekaru tana ci. Sannan ka nemi wurin da ya ɗan ɓantare. In fenti ne, ƙarƙashinsa fili ne. In millefiori ne, jan da farin da rawayan sun nutsa cikin jikin dutsen, kuma duk abin da gumi da gogayya suka cinye a sama, furen da ke ƙasa shi ne dai wanda aka gina a curin farko.